Takardun da Na Cire Daga Kwalaben Yayarki

Lamorde, Yamai
Litinin da hantsi

Zuwa ga ɗiyata Nafisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya tsare ki a hanya, ya sauke ki Dakar cikin aminci, ya haɗa ki da mutanen kirki. Na roƙi mahaifiyarki ta saka wannan takarda a jakarki ta hannu. Kada ki buɗe ta sai jirgi ya tashi.

Yayarki ta rasu ranar Talata, kwana goma sha ɗaya bayan Sallar Layya, da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, a kan gado na uku daga ƙofa. Shekararta ashirin da tara da wata biyar. Ciwon amosanin jinin da aka haife ta da shi ya tashi ranar Juma'a, bayan ta dawo daga bakin kogi ƙafafunta a jiƙe. Mun kai ta asibiti ranar Asabar da safe. Lokacin da likita ya ɗago kai ya dube ni, agogona na fara dubawa, kuma har yau ban san dalili ba. An yi mata sutura ranar Laraba da ƙarfe tara. Gobe mako goma sha shida ke nan cif da rasuwarta.

Duk wannan kin san shi. Na rubuta ne domin ban taɓa faɗinsa a jere ba, ko ga kaina.

Tun ranar da kika dawo daga Maradi kika shiga ɗakin baya inda take aiki, ba ki ƙara ce mini komai ba ban da gaisuwa. Kina durƙusawa, kina kawo mini ruwa, ba ki tauye mini haƙƙi ko ɗaya ba. Amma na san bambancin ladabi da yafiya. Ranar Alhamis za ki tafi koyon zane har shekara uku, kuma ba na so ki tafi da shirun nan. Shekara talatin da ɗaya na yi ina auna ƙasa ina zana taswira. Abin da wannan sana'a ta koya mini shi ne, awo in ya karkace, ba a gyara shi a buro, a kan teburin ofis. Sai an koma wurin da aka fara kuskuren. Don haka zan koma baya, in nuna miki wuraren ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, tana da shekara goma sha tara. Ta fito da wani babban zane ta jingina shi da bangon baranda, inda nake shan shayi. Ja ne kusan dukansa, da wani baƙin layi mai kauri da ya ratsa shi, da fararen tabo kamar an ciccije gefen. Ta ce, "Baba, ga unguwar Harobanda." Na saka tabarau, na duba, na ce, "Ina arewa?" Ta yi dariya ta ce, "Baba, ba bin sa za a yi a je unguwa ba." Ni kuwa ban yi dariya ba. Na bayyana mata cewa kogin Isa, wanda ya ratsa Yamai, ba haka yake kwance ba, na tashi na juya zanen a kan gefensa don ruwan ya gangara yadda yake gangarawa a taswira. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "To, haka ma ya tsaya." Ta ɗauka ta koma ciki. Daga ranar ba ta sake kawo mini wani zane in fara gani ba.

Sai daga baya mahaifiyarku ta gaya mini cewa jan nan ƙasar tudun da ke bayan unguwar ce, wadda manyan motocin kamiyo ke kwasa kullum don gini, fararen tabon kuma ramukan da aka bari ne. Tudun da nake wucewa ta gindinsa kowace safiya, na san tsayinsa da mita, amma ban lura ana cinye shi ba sai da yarinya ta nuna mini, kuma ko da ta nuna, arewa na tambaya. Nafisa, za ki shiga wurin da kowa zai nuna miki aikinsa. Idan an ajiye abu a gabanki, ki tsaya ki dube shi har ƙafarki ta gaji kafin ki buɗe baki. Tambayar da ta fara zo miki, galibi ta sana'arki ce, ba ta aikin ba. Ki bar ta ta wuce, ki jira ta biyu.

Kin fi ni sanin yadda take aiki, tun da ke ce kike riƙe mata rariya, amma bari in rubuta yadda na fahimce shi yanzu, ki ga ko na gane. Ba ta sayen fenti. Duk launin da za ta shafa, daga wurin da take zanawa take haƙo shi: jar ƙasar tudu, baƙar lakar fadamun shinkafa, yashin tsakiyar kogi a watannin da ruwa ke janyewa har mutum ya taka da ƙafa inda dā jirgin ruwa ke bi, tokar juji inda ake ƙona leda, shuɗin da ke daskarewa a bakin kwatar marina. Ta shanya, ta daka, ta tankaɗe, ta kwaɓa da ƙaro. Kowace ƙasa tana da kwalbarta, kowace kwalba da guntun kwalin sukari ɗaure a wuya da zare, an rubuta inda aka samo ta. Ba ta yarda ta zana wuri da ƙasar wani wuri ba. Wannan ita ce dokarta guda, kuma ba ta taɓa karya ta ba.

Na biyu, na hana ta zuwa kogi. Ina da hujja: sanyi da gajiya su ne ke tayar mata da ciwo, kuma na sha zama a bakin gadonta ina kallon yadda take cije leɓe don kada mahaifiyarku ta ji. Na ce ba na so in sake ganin ƙafarta a bakin ruwa. Ta ce, "To, Baba." Ta ci gaba da zuwa. Na sani, domin ina ganin laka a takalminta, ina ganin buhuna a bayan ƙofa. Na zaɓi in yi kamar ban gani ba, don ta haka umarnina yana nan, ita ma tana samun ƙasarta. Ina ganin dabara na yi. Abin da dabarar ta jawo shi ne, shekara takwas yarinya mai wannan ciwo tana ɗauko buhun ƙasa daga bakin kogi zuwa bakin gudiro tana jiran taksi a rana, motata kuwa tana ajiye a inuwa. Da na hana da gaske, ko na yarda da gaske, da ɗaya daga ciki ya fi abin da na yi. Ba na cewa da ta rayu. Kwana na Allah ne. Ina cewa da ba ta ɗauki kayan ita kaɗai ba.

Saboda haka, kada ki ce mini "to" alhali zuciyarki ta ce a'a. Na fi son ki yi mini musu a waya, ki ɓata mini rai, da ki lallashe ni ki je ki yi a ɓoye. In aiki ya fi ƙarfin jikinki, ki nemi wanda zai kama miki. In ba ki da lafiya ki faɗa tun ranar farko. Mutanen gidanmu sun ɗauki shiru a kan mutunci, kuma daga gare ni kuka koya.

Na uku ya fi waɗannan nauyi. Lokacin da aka baje zane-zanenta a babban ɗakin nan na cikin gari, ita ce ta kawo mini takardar gayyata da hannu biyu. Na je da kawunku Lawali. Kin san shi da baki. Ya zagaya ɗakin hannu a baya, ya tsaya gaban wanda ta yi da tokar juji, ya ce, "Ke 'yar nan, an ce kina zane, na zo da wa'azina a aljihu, sai na tarar ko mutum ɗaya babu a ciki. Ko akuya babu. Wa zan yi wa wa'azin?" Ta ce, "Kawu, mutumin ya riga ya wuce. Abin da ya bari ne na zana." Ya ce, "To Allah ya sa ba ni ba ne." Ta ce, "Ledar goronka tana ciki, ga ta can sama." Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi, ya ciro hularsa ya sake dubawa da kyau. Kawunku, wanda bai wuce aji shida a lakkwal ba, ya gane a minti biyu abin da ni ban gane ba a shekara goma.

Ni ina tsaye kusa da ƙofa. Wani tsohon abokin aikina ya zo ya kama hannuna ya ce, "Ashe ɗiyarka ce? Barka." Na ce, "Tana ɗebe kewa ne kafin ta sami aiki." Da na juya, tana bayana riƙe da kofin ruwan da ta kawo mini. Ta miƙo, na karɓa, na sha.

Zan iya fakewa da al'ada. Ita ce 'yar fari, kuma a gidan da na tashi a Damagaram, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa a gaban mutane. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah, kuma ban taɓa shakkar ƙaunarsa ba. Na riƙe wannan kunya da kyau: shekara ashirin da tara ina ce mata "ke", ina ce muku "yayarku". Amma al'ada ta ce kada in yaba. Ba ta ce in ƙasƙantar ba. Wannan ƙarin nawa ne. Tsoro na ji kada abokin aikina ya ɗauka na kasa tarbiyya, na bar ɗiyata tana wasa da laka. Nafisa, za a tambaye ki me kike yi a rayuwa, wasu da izgili a murya. Ki ce, "Zane nake yi," ki tsaya nan. Kada ki ƙara da neman afuwa. Kuma in kin ga abin da ya burge ki a aikin wani, ki gaya masa a ranar, da bakinki, yana tsaye.

Yanzu na zo ga kwalaben.

Bayan sadakar arba'in gwaggonki ta tafi da ke Maradi ki huta. Gidan ya yi shiru. Mahaifiyarki tana kuka, tana samun sauƙi. Ni kuka bai zo mini ba, hannuwana kuma suka rasa abin yi. Ranar Litinin da safe na buɗe ɗakin baya. Na tarar da kwalabe iri-iri, na mayonez, na magani, gwangwanayen madara, ba a jere ba, wasu a ƙasa wasu a taga. Na karanta biyu ko uku daga cikin kwalayen da ke wuyansu. Ɗaya ta ce, "Inda gawon nan yake dā." Wata ta ce, "Bayan matan da ke wanki, ranar da aka yi iska." Na ce a raina wannan ba bayanin wuri ba ne, babu wanda zai iya komawa can da irin wannan rubutu. Sai na yanke shawarar in yi mata abin da na iya.

Na sayo kwalabe iri ɗaya. Kwana uku na yi ina juye kowace ƙasa a sabuwar kwalba, ban bar ƙwaya ta gauraya da wata ba. Na jera su bisa launi da laushi, daga mafi fari zuwa mafi baƙi, yadda aka koya mana jera samfurin ƙasa. Na manna wa kowace lamba, ɗaya zuwa arba'in da uku, na buɗe sabon kaye, littafin rubutu, na rubuta siffar kowace. Tsofaffin kwalaben na wanke, kwalayen kuma na tsinke na tara da shara, na miƙa wa mai amalanken da ke kwashe mana juji. Da na gama na tsaya a bakin ƙofa na duba, kuma ina gaya miki gaskiya, na ji daɗi. Na ɗauka karo na farko ke nan da na taimaka mata a aikinta.

Da kika dawo kika tsaya inda na tsaya. Kika ce, "Baba, ina takardun?" Na ce, "Na sa musu lamba." Kika ce, "Ni na san inda gawon yake. Ni na san matan." Ba ki ɗaga murya ba. A nan na gane cewa rubutun nan ba don ni aka yi shi ba, kuma akwai mai iya karanta shi a gidana, ban tambaye ta ba. Ƙasa arba'in da uku, kowace da wurinta, na mayar da su launi kawai, irin wanda ake saye a kanti. Abin da na yi wa filaye shekara talatin da ɗaya, shi na yi wa ɗakinta a kwana uku: na cire sunan da mutane suka san wuri da shi, na sa lamba.

Ba ni da shawarar da ta kai girman wannan kuskure. Abin da zan iya cewa kaɗan ne. In baƙin ciki ya same ki, kada ki taɓa kayan kowa. Ki zauna da hannuwanki a cinya har su saba. Kuma in kin ga abu a hargitse, ki nemi mai shi, ko wanda ya zauna da mai shi, kafin ki kira shi hargitsi.

Akwai abin da ba ki sani ba, kuma saboda shi na zauna rubutun nan. Kwalaben ba arba'in da uku ba ne, arba'in da huɗu ne. Ɗaya babu komai a cikinta, don haka ban ba ta lamba ba. Kwalinta ya manne a gindin bokitin da na yi wanki da shi, ban gan shi ba sai bayan kwana biyu da dawowarki. Ga shi nan na saka miki a cikin wannan takarda. Ruwa ya taɓa shi amma yana karantuwa: "Inda Baba ya kafa borni na farko. Ban ɗebo ba tukuna. Sai ya raka ni."

Na ɓoye shi mako bakwai a cikin littafin addu'ata. Kunya ce ta hana ni nuna miki, domin na san wurin, kuma ni kaɗai na san shi.

Tana da shekara bakwai, kafin a haife ki da 'yan watanni, na tafi da ita aiki wata Asabar can gefen Banifandu. A lokacin gonakin hatsi ne, da gawo jefi-jefi, da wani tafki inda shanu ke sha. An ba mu aikin yanka wurin fili-fili. Na ba ta bakin igiyar awo ta riƙe, tana ta murna, na kafa turken siminti na farko, wanda muke kira borni, a gabanta. Ta ce, "Baba, tafkin fa, ina za a kai shi?" Na ce za a cike shi. Ta ce, "Ruwan fa?" Na ce, "Zai nemi hanya." Ya kuwa nema. Kowace damina yana komawa inda ya sani, sai dai yanzu ɗakunan mutane ne a wurin. Na ga gangaren a awona, na san inda ruwa zai kwanta. Na rubuta shi a layi ɗaya a ƙarshen rahoto, ba wanda ya karanta, ni kuma ban nace ba, na sa hannu. Ki kula da abin da za ki sa wa hannu, Nafisa, ko zane ne ko takarda. Sunan mutum yana daɗewa a wurin bayan ya manta.

Zanenta na ƙarshe, babban nan da kika naɗe za ki tafi da shi, kin san kusurwarsa ta ƙasa ta hagu fara ce, ba a shafa mata komai ba. Na ɗauka ciwo ne ya katse ta. Yanzu ina zaton jirana take yi. Ban san ko so take ta tuhume ni ba, ko so take kawai mu koma tare inda ta taɓa riƙe mini igiya. Wataƙila duka biyun. Ba ta tambaye ni ba, kuma na san abin da ya hana ta: ni ne mutumin da ya ce kada a sake ganin ta tana haƙar ƙasa.

Ban ce ki yafe mini kafin ki sauka ba. Ki ɗauki lokacin da kike bukata. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci ko aiki ya yi yawa, ki kira mahaifiyarki kowace Juma'a, don ba za ta ce tana kewarki ba. In malamanki sun koya miki fentin kanti, ki koya da kyau, babu laifi. Ba dole ba ne ki zama yayarki. In kuma kin ga ƙasar can ta kira ki, ki haƙa, ki rubuta wurin yadda ke za ki gane.

Allah ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na masauki, ya ba ki lafiya da basira, ya sa ki dawo ki same mu. Allah ya jiƙan Balkisa, ya haskaka makwancinta. Wannan ne karo na farko da na rubuta sunanta a takardar da ba ta gwamnati ba.

Ga abin da ya rage. Cikin kwalabe arba'in da uku, na gano wuraren guda huɗu ta hanyar kwatanta su da ƙasar da na je na gani da idona. Saura talatin da tara, kuma ba zan iya su ba sai da ke. Na sami bornin ranar Asabar da ta wuce. Yana nan, rabinsa a cikin katangar wani gida mai koriyar ƙofa. Na tsaya a gabansa da kwalba a aljihu, ban yi sallama ba, na dawo. Ban ɗebo ƙasar ba. Kusurwar zanen tana nan fara. Sunanta kuma, har yanzu ban faɗe shi da baki ba.

Mahaifinki.